Ƙarin Wuyan Sankunni

A duk ƙasar Palakkad, daga gindin tsaunuka har inda gonakin shinkafa suka ƙare, ba a taɓa yin wanda ya nemi ilimin taurari ta hanyar da ta dace kamar Sankunni ba. Masu shan shayi sun shaida, malaminsa ya shaida, shi kansa Sankunni ya sha faɗa. Wasu a tashar mota suke sayen ɗan littafi, kafin su isa gida sun fara gaya wa surukansu shekarar da za su mutu. Shi ta ƙofa ya shiga, takalmansa a hannu. Ya daɗe yana karatu, kuma a tsawon karatun nan bai taɓa gaya wa kowa abin da ya zamo ƙarya ba, domin bai taɓa gaya wa kowa komai ba.

Kafin taurari, kwandasta ne a motar da ke zirga-zirga tsakanin Palakkad da Pollachi, jakar fata a hammata, usur a baki, har gashinsa ya yi fari. Aikin ya bar masa abu biyu: ciwon baya, da imanin cewa duk abin da ke tafiya yana da lokacin isowa, in kuwa ya makara akwai wanda za a tuhuma. Da ya ajiye aiki, 'yarsu guda, Lata, ta riga ta yi aure ta koma birni, gida ya rage daga shi sai matarsa Kamalam da saniya ɗaya. Ya zauna a baranda yana koya wa Kamalam yadda ake kankare kwakwa, aikin da take yi tun kafin ya san ta. Ita da kanta ta ce ya tashi ya nemi abin yi.

Ya nufi gidan Kuttikrishnan Panikkar, wanda kowa ke kira Ashan, wato malam. Duba gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Tsoho ne siriri, mai karkataccen hanci, saboda tun yana saurayi wata kwakwa ta faɗo masa a fuska daga kan bishiya. Masu hassadarsa har yau suna cewa ya kamata a ce ya hango ta.

"Me kake so ka sani?" in ji Ashan.

"Abin da zai faru, Ashan."

"Kai da kowa. Ka iya shara?"

Da shara aka fara. Kowace safiya Sankunni ya share ɗakin duba, ya goge fitilar tagulla ya zuba mata mai, ya shimfiɗa tabarmar baƙi a hannun daman Ashan, wajen ƙofa, shi kuma ya koma hagu ya rakuɓe jikin bango. Daga nan aka shiga hadda: masaukan wata ashirin da bakwai, buruji goma sha biyu, manyan taurari tara, waɗanda biyu a cikinsu ba su da gangar jiki, ɗaya kai ne ɗaya wutsiya. Sai lissafi, sai baitoci, sai kuma lissafi. Ƙwayoyin wurin da Ashan ke zubawa a kan allo in zai yi duba, sai da aka yi shekaru kafin a bar shi ya taɓa su, shi ma don ya wanke.

Wata rana Ashan ya kama shi yana leƙen sama ta taga.

"Kwandasta, sama ba ta zuwa gidan nan. Mutane ke zuwa. Dubi ƙofa."

Nan aka buɗe masa babin da ya fi ƙauna. Amsar tambaya, in ji Ashan, tare da mai tambaya take shigowa, shi bai sani ba. Ta wace kusurwa ya ɓullo, da wace ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, me ke hannunsa, ina ya taɓa a jikinsa yana magana. Gabas alheri ce, kudu hanyar matattu. 'Ya'yan itace a hannu arziki, igiya a hannu abin tsoro. Wanda ya dafa ƙirji ya zo da sa'a, wanda ya sosa hanci ko wuya ko gwiwar hannu ya zo da akasinta. Ganyen tambula da kowane baƙo ke kawo wa malami, wanda tsofaffi ke taunawa bakinsu ya yi ja, shi ma shaida ne: lafiyayyen ganye lafiya, yagaggen ganye ko wanda tsutsa ta ci, sai addu'a.

Sankunni ya sha wannan babi kamar ruwa. Kowace yamma a rumfar mai shayi sai ya juye wa jama'a abin da ya koya. Ba a daɗe ba, ba wanda ke iya sosa hanci a garin ba tare da ya waiwaya ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa tambaya ba. Duk lokacin da baƙo ya buɗe baki, Ashan yakan kai bayan yatsa ƙasan hancinsa, ya ɗan tsaya. Sankunni ya ɗauka tsohon rauni ne ke masa ƙaiƙayi, kuma ɗalibi mai ladabi ba ya tambayar malaminsa labarin kwakwa.

Kamalam ce ta fara ganin ƙarin. Yana shan kunun shinkafa da safe, ta tsura wa wuyansa ido.

"Baban Lata, me ka haɗiye ya ƙi wucewa?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin ne ke hawa yana sauka? Ɗaga kanka in gani."

Girman ƙwallon tsamiya ne a lokacin. Kafin damina ta kankama ya kai ƙwan zabo, muryar Sankunni ta fara dusashewa. Lata ta zo ta tasa shi gaba har babban asibiti. Likitar ta latsa, ta sa aka ɗauki hoto, ta ce ba za ta iya rantsuwa ko mai kyau ne ko mugu ba sai an ciro shi, kuma irin wannan ba a yi masa jinkiri. Aka ba shi rana: wata Asabar, ranar tauraron Zuhalu mai kawo rashin sa'a, a tsakiyar watan Karkidakam, watan ruwa da duhu, wanda ko akuya ba a saye a cikinsa in da hali. In bai zo ba, a ba wani gurbinsa, shi kuma ya jira har bayan Onam, bikin girbinsu.

A mota suna dawowa ya yanke hukunci. Ba wuƙar da za ta taɓa wuyansa sai ya je Ashan ya duba masa. In amsa ta yi kyau, ya je. In ba ta yi ba, ya zauna gidansa ya mutu da wuyansa cikakke.

"In ta ce kada ka je fa, ƙarin kuma ya ci gaba da girma?" in ji Kamalam.

"To an rubuta ke nan."

"Wa ya rubuta? Kai ko taurarin?"

Ya juya fuska wajen taga. Ta san shi. Mutumin da ya taɓa sauke ƙanin mahaifinsa daga mota a tsakiyar daji saboda tikiti, ba zai saɓa wa ƙa'ida don wuyansa ba.

Ranar da zai je tambaya, ya yi wanka ya ɗaura sabon farin mundu, zanen da mazan ƙasar ke ɗaurawa. Ya zaɓi ganyen tambula ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne a hasken rana. Ya riƙi nunanniyar ayaba. Gidan Ashan ta kudu ake shigarsa in an bi ta gajeriyar hanya, don haka ya yi zagaye ta bayan tafki ya ɓullo ta gabas. A bakin ƙofa ya tsaya, ya tabbatar wace ce dama, ya jefa ta. Ya zauna a tabarmar baƙi, wadda shi ya shimfiɗa ta da asuba, ya dafa ƙirji da hannu biyu. Wuyansa na masa ƙaiƙayi kamar an zuba masa barkono. Bai taɓa ba.

Ashan ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Ya dubi ganyen.

"Kai, ina ka samo waɗannan? Guga ka yi musu?"

"Ashan, na zo da tambaya."

"A'a, da amsa ka zo. Ga ta nan ka tsefe mata gashi ka shafa mata hoda. Me kake so in yi, in sa mata albarka?"

"Ai ba a son mutum ya shigo da mummunar alama."

"Alama, Kwandasta, abin da ya kuɓuce wa mutum ne. Kai ba abin da ya kuɓuce maka yau, ko ƙiftawa da lissafi kake yi. Tashi daga tabarmar nan. Ka san abin da ya fi ƙarfin mai tambaya, tambayarka ta lalace."

Sankunni ya sauka daga tabarmar. Duk shekarun nan yana tara ilimi domin irin wannan rana, ga shi ilimin ne ya rufe masa ƙofa.

"To yaya zan yi?"

"Aiko wani ya tambaya a madadinka. Wanda bai san komai ba. Kuma in ka koya masa ko da ƙafar da zai jefa, zan gane."

Ya fita yana lissafa mutanen gari. Mai shayi ya san babin nan fiye da farashin sukari. Wanzami ya sani, mai kai wasiƙu ya sani, direbobin tasha sun sani, shi ya koya musu duka, kyauta. A garin kaf, mutum ɗaya ce ta zauna kusa da shi yana bayani tsawon shekaru ba tare da kalma ɗaya ta shiga kunnenta ba.

"Ni?" in ji Kamalam. "Ina da wanki."

"Wuyana ne, Kamalam."

Ta kalli ƙarin. "To. In na ɗaure saniya a fadama, mu biya."

Washegari ya tashi da niyyar ba zai ce uffan ba, ya kuwa gane cewa shiru ya fi hadda wuya. Yana kallo ta shafa man kwakwa a kai ba ta yi wanka ba, abin da baiti guda ya hana ƙarara. Ta zagaya bayan gida inda tambula ke hawa bishiya, ta kama reshe ta fizgo abin da hannunta ya samu, ta cusa a gefen zane. Ya hango ganye biyu masu huda. Ya buɗe baki.

"Me?" in ji ta.

"Ba komai."

"Kai dai da ba komai ɗinka."

A fadama ta tarar da doguwar igiyar da ta manta jiya, ta ɗaure saniya da ita, ta naɗe gajeriyar a hannu. Sankunni ya tsaya yana jira ta ajiye. Ba ta ajiye ba, igiya ce mai kyau, kuma akwai ɓarayi. Suna cikin tafiya ruwa ya sauko. Ya miƙa mata lema, sai ya tuna ko wannan ma koyarwa ce, ya janye hannu. Ta dube shi kamar za ta yi magana, ta fasa, ta ci gaba da tafiya a jiƙe. Da suka zo mararraba ƙafafunsa suka karkata wajen tafki da kansu.

"Ina za ka? Ga hanya nan."

"Na ga kamar... can ya fi bushewa."

"Bakin tafki ne ya fi bushewa? Ƙarin nan ya fara hawa kanka."

Ta bi ta kudu, ta ratsa ɓarakar shinge. Yana biye da ita, yana jin bugun zuciyarsa a cikin ƙarin. A dokin ƙofa ta dafa bango, ta jefa ƙafar hagu, domin ta dama ce mai ciwon gwiwa.

Sankunni ya wuce mazauninsa jikin bango. Daga nan yana ganin komai, kuma an horar da shi ya ga komai. Mace jiƙaƙƙiya, da mai a ka, da igiya a hannu, daga kudu. Ta zauna a tabarmar baƙi ta zube ganyen a gaban Ashan, suka watse, wasu a kife. Iskar da ta biyo ta ta kaɗa harshen fitila ya kwanta, ya yi kamar zai mutu, ya sake miƙewa da ƙyar.

"Uwar Lata, lafiya a wannan ruwa?" in ji Ashan.

"Ina lafiya, Ashan? Wannan mutumin ne zai kashe ni." Ta sosa hanci da bayan hannu. "Likita ta ce a yanke abin nan da ke nan." Ta kama wuyanta ta nuna daidai gurbin. "Shi kuma ya ce sai kun yarda. To a yanke ko kada a yanke? Ku faɗa mini in koma, na bar wanki a jiƙe."

Kalmar farko ta kisa ce. Hanci. Wuya. Sankunni ya daina ƙidaya, don abin da ya gani ya isa a binne mutum uku. Ya ji gumi na bin bayansa duk da sanyin ruwa. Ya tuna ya yi alkawari a gaban matarsa, kuma shi ba ya saɓa alkawari. Zai koma gida ke nan, ya zauna a baranda, ƙarin na girma, murya na tafiya, har ranar da kunu zai ƙi wucewa.

Ashan ya dubi Kamalam. Yatsansa na ƙasan hanci tun lokacin da ta fara magana. Ya sauke shi a hankali. Ya jawo jakar wuri ya zuba a kan allo, ya dafa su da tafin hannu yana murzawa yana karanta abin da yake karantawa, ƙarar su na cika ɗakin tare da ƙarar ruwa a kan rufi. Ya ware wani kaso, ya rarraba, ya ajiye saura a ɗaya daga cikin gidajen da aka zana. Ya ɗauki ganye mai huda ya duba gaba da baya. Ya ajiye. Ya ɗauki ɗayan.

Kamalam ta daina motsi. Sai a lokacin Sankunni ya lura hannunta ya damƙe igiyar nan har yatsun sun yi fari. Ba shi take kallo ba, bakin tsohon take kallo.

"A yanke," in ji Ashan. "Ranar da suka ba shi. Zai tashi."

Kamalam ta saki numfashi, ta ambaci allahiyar da suke bauta wa. "Uwa Bagawati, na gode."

"Ashan!" Muryar Sankunni ta fito a shaƙe. "Ta kudu fa ta shigo."

"Na gani."

"Da ƙafar hagu. Ga igiya, ga mai a ka, ga ganye duk tsutsa ta cinye. Ta taɓa wuya, Ashan, a gabanka ta taɓa! In tausayina kake ji, gara ka gaya mini gaskiya."

"Kai, ka ji mutum," in ji Kamalam. "An ce zai rayu, yana neman a sake dubawa."

Ashan ya tattara wurinsa. "Kwandasta, duk abin da ka lissafa haka yake, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Amma ƙofa kake kallo."

"Kai ka ce in dubi ƙofa."

"Na ce. Wancan babin ke nan. Akwai na gaba da shi. Malami yakan duba numfashinsa a daidai lokacin da aka jefo tambaya, ya ga ta wace kafar hanci iska ke gudana. In mai tambaya na zaune a gefen da iska ke bi, majinyaci ya tashi, ko da da gatari aka shigo. Tana buɗe baki, iska ta dama take fita, cike, ba gargada. Ita kuma ga ta a damana. Wannan ya shanye duk sauran."

Sankunni ya jingina da bango. Ya tuna yatsan nan da ya yi shekaru yana gani yana ɗauka ƙaiƙayi ne. Kunya ta kama shi, tare da wani irin sanyi da ya sauka tun daga wuya har ciki.

"Ba mu zo nan ba," ya ce a hankali.

"Ba mu zo ba. Je ka a gyara maka wuya, ka dawo mu zo."

Ranar Asabar aka yi aikin, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka ciro ƙarin, aka aika da shi gwaji, aka ce ba mugu ba ne, amma likitar ta ce da an bar shi ya ƙara kwana da ya danne hanyar iska. Sankunni ya dawo da tabo kamar murmushi a ƙasan haɓa, ya koma shararsa. A rumfar mai shayi ya bayyana wa jama'a cewa ilimi ne ya ceci ransa, ba wanda ya musa, domin gaskiya ce.

Babin numfashi sun fara shi, ba su gama ba. Ashan ya rasu damina biyu bayan haka, yana barcin rana. Ɗansa ba ya duba, injiniya ne a ƙasar waje, don haka aka ba Sankunni allon da jakar wurin. Suna nan a gidansa, yana wanke su duk wata. Bai fara karɓar baƙi ba, ya ce bai kai ba tukuna. Amma in matasa suka zo suna tambayar yadda ake shiga wannan ilimi, yakan zaunar da su ya gaya musu: a nemi malami mai rai, a bi babi bayan babi, kada a yi gaggawa, kuma kada mutum ya ɗauka abin da ya sani shi ne ƙarshe, don shi da kansa ya taɓa ganin alamun mutuwarsa jere a kan tabarma, numfashi ɗaya na malaminsa ya share su. In ya zo nan yakan shafa tabon, idonsa ya kawo ruwa.

Tabarmar baƙi a gidan Ashan, tun zamanin mahaifinsa a dama ake shimfiɗa ta, don a can ƙofa take. Kafar hancinsa ta hagu kuwa, tun ranar da kwakwar nan ta faɗo masa, iska ba ta sake bi ta cikinta ba.